Sunan Baturen da Muka Gada

A shekarar 2012 ina ɗalibi a Alƙahira, shekarata ta biyu a fannin hadisi, wato daidai gaɓar da mutum ya san abin da zai ɓata wa kowa rai da shi, amma bai kai ga darasin yin shiru ba. Muna haya a unguwar Hayyu Sabi' ni da wasu 'yan Najeriya da wani ɗan Damagaram. Na iya Larabci daidai gwargwado, ina sa tabarau, kuma ina ɗaukar kaina a matsayin wanda Allah ya aiko wa danginsa don gyara. Abu ɗaya ne ke rage mini jin daɗi: a fasfona, bayan sunana da na mahaifina, akwai sunan Bature. Ba zan rubuta shi nan ba, don masu shi ba su da yawa. In na faɗe shi, na nuna ƙofar gidanmu a Kaduna ke nan.

A gida sunan bai taɓa damuna ba, an dai ce mana na kakanmu ne. A Masar kuwa ya zame mini ƙaya. Duk lokacin da na je sabunta izinin zama, ma'aikacin zai dubi takarda, ya dube ni, ya kira na kusa da shi ya zo ya ga Baturen Ingila da rana ta ƙona. Abokan zamana suka sa mini Hawaga, sunan da Misirawa ke kiran Turawa da shi. In an zuba tuwo, ɗan Damagaram ya ce a nemo wa Hawaga cokali, kada ya ɓata hannun sarauta. Ina dariya, amma a aji kullum muna karanta wane ɗan wane ɗan wane, nasaba tsaf kamar carbi, ni kuwa tawa a mataki na uku take faɗawa teku.

Sai na shiga bincike a intanet, da irin naci na mai neman laifin wani. Na gano sunan na wani ƙaramin ƙauye ne a arewacin Ingila, wanda yanzu ko a taswira da ƙyar ake ganinsa. Ma'anarsa a tsohon Turancinsu ba ta wuce fadamar da ake kiwon maruƙa ba. Can ma sunan yana ƙarewa. Yadda na fahimta, waɗanda suka rage ba za su cika sahun gaba na masallacin unguwarmu ba. Mu a gidanmu, da jikoki da tattaɓa-kunne, wataƙila mun fi su yawa. Wato mu ne muke rainon sunan wani makiyayin maruƙa da danginsa suka gaji da shi. Na haɗa wannan da ayar da ta yi umarnin a kira mutane da sunan ubanninsu, da hadisin da ya yi kashedi ga mai jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, na ga cewa fatawa ta nuna, saura wurin sauke ta.

Kafin in ci gaba, sai an san wani abu. Sunan yanka na kakan nan aka sa mini, don haka mahaifina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, bai taɓa kiran sunana ba. Babana yake ce mini. Ko faɗa zai yi, sai ya ce Babana, wannan ba halinka ba ne, nan take faɗan ya mutu. Duk Juma'a in na kira, da haka yake buɗe waya.

Ranar sunan ɗan wana aka kira ni, aka buɗe lasifikar waya a zaure don ɗalibin Masar ya yi wa jariri addu'a. Surukai na nan, maƙwabta na nan, liman na nan. Ni ina tsaye a bakin titi a Madinat Nasr, yaran mota na ta kiran fasinja a kaina. Na yi addu'ar, aka shafa. Da na tsaya nan da yanzu ba ni da labarin ba ku. Sai na ce ina da 'yar nasiha. Na kawo aya, na kawo hadisi, na ba su tarihin fadamar maruƙa har wasu suka yi dariya. Na ce kada a ɗora wa wannan yaro sunan da ba namu ba. Sannan na ce Baba ya faɗa mana sunan mahaifin kakanmu a gaban jama'a, mu koma kansa tun daga yau. Na zaci layi ne ya yanke. Can na ji liman yana cewa a raba goro.

Washegari Gwaggo, yayar mahaifina, ta kira ni. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta tambaye ni karatu aka tura ni Masar ko tonon kabari. Ta ce mahaifinsu bai san sunan ubansa ba har ya koma ga Allah. Yana ƙaramin yaro mahara suka ɗauke shi, aka same shi cikin ayarin bayi a zamanin shigowar Turawa, bai san garinsu ba, abin da yake iya tunawa kawai wata mace mai tsaga a kunci da itacen tsamiya. Wani Baturen layin dogo ya ɗauke shi aiki, da za a rubuta shi ma'aikaci aka ce sai da suna na biyu, Baturen ya ara masa nasa. Ta ce tsofaffin unguwa sun sani, sun rufe bakinsu shekara da shekaru saboda mutuncin ƙaninta, ni kuma na zo na buɗe shi a gaban surukai, da Larabci. Ta ƙare da cewa sannu da ƙoƙari, shehin Masar.

Na kai maganar gun wani dattijon malaminmu, ina fatan ya ce ko ba komai na faɗi gaskiya. Ya tambaye ni ko kakana ya taɓa cewa Baturen ne ya haife shi. Na ce a'a. Ya ce to, ɗana, wa ka yi wa fatawar? Sannan ya ce in ƙarasa masa ayar. Na ƙarasa, don na haddace ta tun ina yaro: ita kanta ta faɗi yadda za a yi da waɗanda ba a san ubanninsu ba, ta ce 'yan'uwa ne a addini. Rabin da ke yanka na ɗauka, na bar rabin da ke ɗinki.

Juma'ar da ta biyo na kira Baba, na ba shi haƙuri. Ya saurare ni tsaf. Ya ce, "Ba komai, Malam. Ai karatu ka yi." Ya miƙa wa mahaifiyata wayar. Daga ranar na zama Malam. Bai fasa sa mini albarka ba, bai fasa tambayar sanyin Masar ba, amma Malam. Na ce a raina wannan ba gyaran waya ba ne, bari in gama in koma, in durƙusa a gabansa. Hutu ya zo na zauna neman ijaza, wato izinin ruwaito hadisi, wurin malamai, wani hutun ya zo na sake zama. A 2014, ana saura 'yan watanni in kammala, wana ya kira ni ina cikin motar haya zuwa Wustul Balad, tsakiyar birnin, ya ce Baba ya cika da safe. Ya ce Baba ya yafe wa kowa, har da ni, ya ambace ni. Na tambaye shi da wane suna ya ambace ni. Wana ya ce ni dai in yi ta yi wa Baba addu'a.

Ban canza sunan ba. Yana kan takardar shaidar karatuna, yana kan takardar haihuwar ɗana. Na daina ganinsa a matsayin na makiyayin Ingila. Na yaron nan ne da aka raba da kowa nasa, ya riƙe abin da aka ara masa har ya gina gida a kansa. Ɗalibai 'yan'uwana, musamman masu karatu a waje, in kun ga abin da bai yi muku daidai ba a gidanku, ku fara tambayar tsohuwa a ɗaki kafin ku yi huɗuba a zaure, kuma ku ƙarasa aya kafin ku ɗaga murya. Abin da dattijo ya rufe, sau da yawa ba jahilci ba ne, miki ne. Yau ina koyarwa, daga ƙofar makaranta har kasuwa kowa Malam yake ce mini. Suna ganin girmama ni suke yi, ni kuma ina amsawa.