Guraben da Goggo Ta Bari

Goggona ba ta wuce aji uku a sakandare ba, amma ta shekara ashirin da biyu tana buga littafin lissafin jami'a, irin wanda babu tarawa babu ɗebewa, sai hujja kan hujja. Farfesa ne ke rubutawa, ita tana bugawa da tsohuwar tafireta a wani lungun ofis mai taga ɗaya.

Tafiretar ba ta da alamomin lissafi, don haka inda alama ta faɗo sai Goggo ta bar gurbi, shi ya cike da alƙalami. Ta ma raɗa wa alamomin suna: doguwar ƙugiya, kunnen ɓera, takwas mai barci. Farfesa kuwa, Allah ya shirye shi, da ta gama shafi sai ya yage rubutun hannunsa. Ta sha yi masa magana.

"Ranka ya daɗe, a ajiye mana."

"Ajiyar me? Duk suna cikin kaina."

Kan nan shi ya ci amanarmu. Saura babi ɗaya, shafi arba'in duk gurabe, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ba baki ba hannun dama. Maɗaba'a ta ce sati uku, in babu babin ƙarshe su cire littafin daga layi.

Goggo ta bi malaman sashen ofis-ofis, ina biye da ita. Wannan yana taro, wancan ya juya shafi biyu ya ce hanyar Farfesa ba tasa ba ce. Wani har da dariya, wai wa ke aiki da tafireta yanzu. Na so in mare shi, wallahi.

Sai ta zana alamomin a bayan kwali, muka tafi asibiti. Ta ɗora shafin a ƙirjinsa, ta sa yatsa a gurbin farko, ta nuna kunnen ɓera.

"Wannan ce, ranka ya daɗe?"

Ya gyaɗa kai. Goggo ta yi hamdala, ta rubuta. Haka muka ci shafi shida, har tana tsokanarsa, yau dai ita ce farfesa.

Nas ta shigo canza ruwa, ta tsaya tana kallonmu.

"Mama, tun da ya kwanta ciwo, haka kansa ke yi. Ko ba kowa a ɗakin."

 Goggo ta koma gurbin farko, ta nuna takwas mai barci. Ya gyaɗa. Ta nuna ƙugiya. Ya gyaɗa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Tsoro ya kama ni, na ce mu tafi gida. Ba ta ko kalle ni ba. Ta jawo kujera, ta kama hannunsa na hagu, ta tura alƙalamin tsakanin yatsunsa.

"Ko kwana nawa ne, ina nan. Riƙe, don Allah. Riƙe mana."