Ragowar Ruwan Rini

Waɗanda ke tsakar gida ran nan su ne ni, da matar ɗana, da ɗiyarta da ta gama sakandare tana zaman jiran sakamako, sai maƙwabciyarmu mai awara, wadda ta shigo aron rariya ta manta abin da ya kawo ta. Maigidan yana kasuwa. Akuya ma tana nan, amma a ɗaure, don na ce kada in ga bakinta a bokiti.

Yarinyar ta daɗe tana roƙona in bar ta ta yi rini a gidan. A waya ta gani. Na hana, na sake hanawa, har uwarta ta sa baki, ta ce, "Inna, yini ɗaya ne. In ta ɓata miki tsakar gida ni zan wanke." Na ce to, yini ɗaya, in rana ta faɗi kuma kada in ga ko ɗigo.

A gidan ba wanda ya san dalilin hanin. Sun san ubana marini ne a wajen Ƙofar Marusa, iyakar saninsu ke nan. Ni ke kai masa fura a marina tun ƙwarya tana fin ƙarfin wuyana. In na sauke sai in tsaya daga nesa, don mace ba ta matsawa bakin karofi, ramin rinin, balle ta sa hannu. Ina kallo ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗago shi kore shar kamar ganyen yakuwa, ya baza shi iska ta sha, sai koren ya riƙa guduwa shuɗi yana bin sa har ya cinye. Ban taɓa gajiya da kallon wannan ba. Sau ɗaya na miƙa yatsa, wani ƙanen babana ya buge mini hannu da muciya. Na girma, na yi aure, na aurar, marinar ma an cike ta an yi shaguna, amma yatsan nan bai daina ƙaiƙayi ba. Wanda ya rasa abu ba ya son a riƙa yawo da shi a gabansa.

Sai ga yarinyar da wani tsohon wandon jins na yayanta, gwiwa duk ta fashe. Ta sa almakashi ta datse ƙafafun ya koma gajere.

"Wa zai sa wannan?" na ce.

"Mai shi mana, Kaka. In ya dawo hutu ya je ƙwallo da shi."

"Da ma tsirara ya tafi, ya fi mutunci."

Mai awara ta yi dariya har rariyar ta faɗi daga cinyarta.

Yarinyar ta zuba bilic a roba, ta ƙara ruwa, ta ɗaura leda a hannu, ta tsoma wandon daga ƙasa zuwa rabi. Warin ya hau mini kai. Ina zaune a kan tabarmata ina jan carbi, amma idona yana cikin robar. Shuɗin ya soma saki a hankali, ya koma ruwan toka, ya koma kamar madarar da aka tsinka. Ubana ya ƙare rayuwarsa yana sa shuɗi a farin tufa, ga jikanyar ɗiyarsa ta sayo ruwan da ke cire shi. Na so in faɗi haka, na ga ba wanda zai gane, na bar shi a cikina.

Ta ɗauraye shi sosai, ta kuma ɗaurayewa, ta shanya. Sannan ta tafasa ruwa, ta juye a bokiti, ta zuba garin rini da wasu fararen magunguna biyu da ta sayo a ƙulle. Ta juya da kara. Kumfa ta taso a kai, mai ƙyalli kamar wuyan tattabara.

Nan carbin ya tsaya a hannuna. Irin kumfar da ke kwanciya a bakin karofi ce sak.

Ba ta dulmiya wandon gaba ɗaya ba. Ta tsoma farin wurin ta ciro da sauri, ta sake tsomawa bai kai na farko ba, ta sake, kowane karo tana ragewa, bakin ƙafar kuma ta bar shi ya jima a ciki.

"Ke, rinin naki bai kama ɗaya ba," na ce. "Wani wuri duhu, wani wuri haske. A marina abin kunya ne wannan, ba a miƙa wa mai kaya."

"Haka ake so, Kaka. Ya riƙa kwarara."

"Rini ne ko kunu?"

"Ki dai zuba ido, tsohuwa mai ran ƙarfe."

Uwarta ta harare ta, a lokacin kuwa yarinyar ta ɗago wandon. Kore ne. Kore shar. Ta rataye shi a igiya, iskar la'asar ta taɓa shi, koren ya fara guduwa daga gefe. Ban san lokacin da tsakar gidan ta ɓace mini ba. Na ji ƙarar masu bugun tufa can nesa, tim, tim, na ji nauyin ƙwarya a kaina, na ga hannun ubana, shuɗi har tsintsiyar hannu, wanda ko wankan gawa bai fitar ba. Na ga inuwar ƙofar gari ta miƙe a kan ƙyallayen da aka baza a ƙasa. Sai da mai awara ta ce, "Hajiya, barci kike?" sannan na dawo.

"Idona biyu," na ce. "Ki ɗauki rariyarki, masu saye na jiranki."

Wandon ya yi duhu a baki, ya tafi yana sassautawa har ya kai wani fari-fari a tsakiya, kamar sama a kan hasumiyar Gobarau in gari ya soma wayewa. Ban ce ya yi kyau ba. Ba a saba ji daga bakina ba, kuma ba ran nan zan fara ba.

Ana kiran magariba yarinyar ta ɗauki bokitin za ta kai magudana, kamar yadda na sharɗanta.

"Ajiye shi," na ce. "Wa ya koya miki zubar da ruwan zafi da magariba? So kike ki ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye su biyo mu gida?"

Ta taɓa jikin bokitin. "Ai ya huce, Kaka."

"Na ce ajiye."

"In ya kwana ya mutu fa, ba ya kamawa."

"Ina ruwana da kamawarsa? Rufe shi da faifai, ki ɗora dutse saboda akuya."

Matar ɗana ta dube ni, ta dubi bokitin. Ta ɗauki buta ta tafi alwala. Matar kirki ce, ta san inda ake tsayawa.

Da safe, bayan na idar da salla, kowa ya koma ɗaki, na ciro farin ɗankwalina na zuwa Juma'a. Na ɗauke dutsen, na ɗage faifan. Kumfar ta kwanta, ruwan ya yi sanyi. Ledar yarinyar tana nan rataye a ƙusa, na bar ta inda take. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na tura ɗankwalin har ƙasan bokitin. Ruwan ya ɗan ciji fatata, ban cire ba. Da na ɗago, koren kaɗan ne, kamar na ɗanyen gero, amma yana nan. Na baza shi a hannuwana biyu, na tsaya a tsakar gida na riƙe wa iska.