Malam Muntaka Kafinta da Jirginsa Zirnaƙo

Da hantsin wata Talata a daminar 2019, rafin Kubanni da ke Zariya ya yi ambaliya, har Naja'atu da jaririnta suka maƙale a kan rufin kwano a Tudun Jukun. A daidai lokacin mahaifinta, dattijo ɗan shekara saba'in da ɗaya, yana tsaye da diga a hannu, zai rushe zauren da ubansa ya gina. Ga asalin lamarin.

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Muntaka a Tudun Wada, Zariya, a shekarar 1948. Mahaifinsa Malam Mahmudu magini ne, sunan mahaifiyarsa Sakinatu. Bayan ya sauke Alƙur'ani, a 1962 aka sa shi wata makarantar koyon kafinta, inda ya tarar da hoton wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka a bango. Maƙwabcinsu Malam Habila, malamin firamare, shi ya fassara masa bayanin da ke ƙasan hoton: sunan jirgin Hornet, wato zirnaƙo, da katako aka ƙera shi a birnin Baltimo a 1805, iska ke tura shi, ya nutsar da jirgin Ingila a 1813, ya kama wani a 1815, sannan a Satumbar 1829 guguwa ta haɗiye shi da dukkan mutanensa a gaɓar Meksiko. Wannan ƙarshen ne ya tsaya wa Muntaka a rai. Ya ce jirgin da ya gagari maza bai kamata ruwa ya ci shi ba, kuma shi zai ƙera wanda ba zai nutse ba. Habila ya tuna masa cewa ko kududdufi bai taɓa tsallakawa ba.

Sana'a da Aure

A 1969 ya tafi Yawuri, ya shekara biyu wurin masu sassaƙa kwale-kwale, ya koyi toshe haɗin katako da auduga da kwalta, da tuƙi da gora. Labarin zamansa a can kuwa bai taɓa ba kowa ba. Da ya dawo ya buɗe shago yana gadaje da kujerun makaranta, a 1973 kuma ya auri Zinariya 'yar Gyallesu.

Aikin Jirgi

Bayan rasuwar mahaifinsa a 1980, sai ya fara aikin ƙera jirgin a cikin zauren gidansu da katakon maɗaci, har da igwogin itace da dogayen sanduna uku na ɗaura ƙyallen iska, wanda Zinariya ta ɗinka da buhunan fulawa. Unguwa ta laƙaba masa Kyaftin. 'Yan acaɓa kan tsaya su tambaye shi yaushe za a tashi, a ajiye musu kujerar gaba, shi kuma ya ce fasinjojinsa suna tafe.

An kammala jirgin a 2004, ya raɗa masa suna Zirnaƙo, kuma a ranar aka gano inda aka kwana: komai ya auna ban da ƙofa. Ƙofar zaure kuwa matsattsiya ake yinta, don kada a hango cikin gida. Ya ce ba zai taɓa ginin ubansa ba. Haka Zirnaƙo ya shekara goma sha biyar a zaure, baƙi na raɓawa ta gefensa, kaji na ƙwai a cikinsa.

Ranar Ruwa

Da labarin Naja'atu ya iso, Malam Muntaka ya yi wa mahaifinsa addu'a, ya fara sara da hannunsa, abokan hirarsa na majalisa da 'yan acaɓan nan suka ƙarasa bangon, suka saɓi jirgin a kafaɗa. Zinariya ta biyo su har bakin hanya ta ce, "Malam, in bai ɗauko mini 'yata ba, gobe da shi zan tuƙa tuwo."

Ya sa aka bar sandunan a gida, ya ɗauki gora. Da aka saka jirgin a ruwa sai ya yi ƙasa, ya karkata, jama'a suka ɗauki salati, sannan ya taso ya daidaita, ko ɗigo bai shiga ba. Ya sauko da Naja'atu da jikansa, ya yi ta komawa har la'asar, ya tsamo mutum fiye da talatin, ciki har da Keziya, matar marigayi Habila. Daga ranar sunan Kyaftin ya tashi daga zolaya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2023 bayan gajeriyar jinya. Ta gurbin bangon nan, wanda ya hana a mayar, aka fita da gawarsa, aka yi masa sallah, aka binne shi a maƙabartar Tudun Wada. Ya bar matarsa Zinariya da 'ya'ya huɗu: Jamaluddeen, Bilkisu, Fiddausi da auta Naja'atu, waɗanda suka amince ba za a sa jirgin cikin rabon gado ba.

Ranar sadakar uku wani mutum mai kimanin shekara hamsin ya sauka daga keke, da wushirya irin ta marigayin sak. Ya yi ta'aziyya, ya shafa gefen Zirnaƙo kamar wanda ya san katako, sannan ya dubi Jamaluddeen ya ce, "Sunana Mujahid Muntaka, daga Yawuri nake. A dakata da maganar gado tukuna."