Karen Maƙwabci da Ƙasar Rairayi

Bai yi haushi ba. Abin da na fara lura da shi ke nan. Karen maƙwabcinmu mai lambun albasa ya san ni, kullum na bi ta lungunsu sai ya yi haushi sau ɗaya ya koma ya kwanta. Ran nan, wata Alhamis da hantsi, na ɗauko markaɗe ina dawowa, sai na gan shi tsaye a tsakiyar hanya, kai a ƙasa, yawu na zuba. Na ce a raina wannan ba lafiya ba. Kafin in ja baya ya kama ni a ƙwauri.

Ban ji zafi ba. Markaɗen ma ban zubar ba, har gida na kai shi, sannan na nuna wa Inna ƙafata.

A ɗakin shan magani malamin asibiti ya wanke wurin da sabulu, ya ce allurar haukan kare babu ita a Illela, za a aika Sakkwato, can ma ba tabbas. Ya ce wa Baba kada a bari a kashe karen. A ɗaure shi har kasuwar Lahadi ta ci biyu. In yana ci yana sha, to ba ni da komai. In ya mutu kuwa... Ba sai ya ƙarasa ba. A shekarar na gama sakandare, na san shafin da abin yake a littafin kiwon lafiya: mutum ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe, daga nan babu magani.

Da muka dawo samari sun riga sun taru da sanduna. Baba ya hana su. Baba malamin allo ne, kare bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba, amma shi ya sa aka ɗaure shi a gindin aduwa bayan garka, kuma shi ya riƙa kai masa tuwo da ruwa a tsohon kasko, safe da yamma, don bai yarda da kowa ba. In ya dawo sai ya daɗe yana wanke hannu.

A cikin gida kowa ya sa mini ido. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta daina ba ni jaririnta. In na ɗauki moɗa a bakin randa, sai Inna ta tsaya da abin da take yi. Ni ma ina kallon kaina. In kurɓa, in jira, in haɗiye, in sake jira. Ban yi kuka ba. Na ji kamar an cika ni da auduga.

Ranar Asabar taubashiyata ta zo daga Amarawa. Tare muka yi makarantar kwana. Ta shigo ɗaki ba sallama, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiyar gwaggo, an ce kin zama naman kare. Duk garin ga bai samu mai tsoka ba sai ke?"

Ta zube murafun kwalba a kan tabarma. A makaranta muna da wani wasa da muka ƙirƙira a gindin darbejiya. Akwai wata ƙasa, ƙasar rairayi, mai rana biyu, inda tuddai ke tafiya da kansu, a ƙarshenta akwai birnin da aka gina da gishiri. Ita ce madugu, tana faɗin inda za ta bi da raƙumanta. Ni ce ƙasar, ina faɗin abin da ta tarar. In za ta yi abu mai haɗari sai ta watsa murafu, in masu kallon sama sun fi yawa ta tsira. Sauran 'yan ɗakinmu aljannu suke so da dodanni. Ni ban iya su ba. Abin da na iya shi ne itatuwa da ƙananan dabbobi, kuma na gida nake kaiwa can yadda suke.

"Salkata ta ƙare," in ji ta. "Na nufi rijiya. Mi kinka aje min gaba?"

Na ce, "Tumfafiya."

"Tumfafiya kuma? Ba ta bayan gidanku?"

Na ce ita ce. Ganyenta kamar an barbaɗa masa toka, in ta karya farin ruwa zai fito, kada ta bari ya taɓa mata ido. 'Ya'yanta kumburarru ne, ciki iska ce da auduga. Akuya ma ba ta cika kula ta ba.

"Na wuce ta. Rijiya."

Na sa mata ƙarangiya ta cika mata zani, ta zauna cirewa. Na sa mata anza, wadda a lokacin fari da yunwa mata ke jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Na sa guna kwance a rairayi kamar kankana, ta fasa ta tarar da ɗaci. Na sa kurege ya tsaya da ƙafa biyu yana kallon ayarin, inuwarsa biyu saboda ranakun. Bushiya ta dunƙule a ƙarƙashin sabara. Damo ya shige rami, wutsiya a waje.

"Ke, ƙasar ga taki ba ta da iyaka? Raƙumana za su mutu a kan bayanin ciyawa."

Ta gane, na san ta gane, ba na son mu isa bakin ruwa ko a wasa. Kullum bayan azahar sai ta zube murafu, ta ce na nufi rijiya, ni kuma in yi ta jera mata gawo da kalgo da ƙadangare. Muryata tana fita daidai, kamar ta mai karanta darasi. Sau ɗaya ta ce ta ji kukan dila daga nesa. Na ce babu dila a ƙasar. Ta ce to, kunnenta ne.

Ran Laraba karen ya ƙi cin abinci. Ba wanda ya gaya mini, na ga Baba ya dawo da kaskon a cike. Mai karen ya aiko a ba shi izini ya gama da shi kowa ya huta. Baba ya ɗauki buzunsa ya koma gindin aduwa ya wuni a can da carbi. Ni kuma na wuni ina bayanin yadda zabuwar daji ke ɓoye ƙwai. Washegari karen ya ci ɗan kaɗan. Allurar Sakkwato ba ta zo ba.

Lahadi ta biyu, bayan la'asar, ana jin hayaniyar masu dawowa daga kasuwa. Ina cikin gaya mata yadda buzuzu ke tura kashin raƙumi da ƙafafun baya, kansa a ƙasa, sai Baba ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Hannunsa a jiƙe.

"Malamin dabbobi ya duba shi," ya ce. "Shina ci, shina sha, ya gane mai shi. Ya ce ba ki da komi, uwata."

Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da gyale. Taubashiyata ta kama hannuna ta matse. Na dubi tabon haƙoran, ya riga ya yi ɓawo. Na jira in ji wani abu, ban ji ba.

Na ce, "An kwance shi?"

Baba ya ce an kwance shi, ya bi mai shi lambu.

Na ce to. Na yi wa Baba godiya daga zaune.