Burtalin da Yaya Sule ya bari

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Sule, wanda ƙauyukanmu na tsakanin Gwarzo da Kabo suka fi sani da Malamin Gona. Allah Ya jiƙansa. Ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya tayar da ni shi ne maƙwabcinmu Jauro Bello, mai shanu kuma manomi, wanda aka yanke wa cibiya a nan, yana shirin kwashe iyalinsa don dabbobinsa sun rasa hanyar zuwa mashaya.

Yaya ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a sashen gona, amma da wuya ka same shi a ofis. Da bazara, kafin shuka, sai ya jingine babur a ƙofar mai unguwa, ya tara manoma da masu shanu, a bi burtali da ƙafa, hanyar nan ta dabbobi da ta ratsa gonaki. Inda aka ci iyaka, a gyara, a dasa cini-da-zugu a kan idon kowa, tunda dabba ba ta cin sa. A wurinsa aikin hukuma a karkara ke nan, ta riga rigima isowa.

Wata shekara, ashe kunyoyin da suka shiga burtali na Kawunmu ne. Yaya ya durƙusa ya ce, “Kawu, ka gafarce ni,” ya karɓi fartanya ya baje su da hannunsa. Kawu ya yi damina guda bai taka gidanmu ba. Inna ta yi ta kuka. Ni da bakina ba ya shiru na ce ya yi daidai, na kuwa sha zagi.

Yau an samu ci gaba, ba na musu. Ga famfo, ga asibitin sha-ka-tafi, kuma da yana raye da ya yi murna. Amma me zai ce da burtalin? An yi ta gutsurarsa, wani wurin saniya ɗaya ma sai ta raɓa. Abin da ya fi ci mini rai, cikin masu gutsurar har da Nasiru, ɗansa na fari. Da na tare shi, cewa ya yi, “Gwaggo, kowa ya shiga, ni kaɗai zan tsaya kallo? Iyali na ƙaruwa, gona tana nan yadda take.” Raina ya ɓaci, amma ban iya ce masa maƙaryaci ba.

Makon jiya na taka har gidan Jauro. Bayan mun gaisa na ce ya kai ƙara gun mai unguwa, ni zan tsaya masa shaida. Sai ya ce:

“Hajiya, da wane baki zan kai ƙarar ɗan Malam Sule? Gara mu tashi.”

Kullum ana ce mini Yaya ya bar mutunci, kuma gaskiya ne, na gan shi da idona ranar. Mutuncin nan ne ya kare ɗansa, shi ne kuma zai raba Jauro da garin haihuwarsa. Sun ce da an gama girbi za su ɗaura kaya.