Tabarmi a Bangon Mushe Isufu

Har yau, idan na rufe ido, ina jin tafi ɗaya da na yi a tsakiyar ɗakin Mushe Isufu a Buza. Tafin ya bar hannuna ya bugi bango, ya dawo, ya sake komawa, yana karkarwa kamar tsuntsun da ya faɗo ɗaki ya rasa ƙofa. Wannan rana ba ta taɓa fita raina ba, kuma ku da kuka shigo aikin nan a bayana nake so in ba labarinta.

Shekarata ta biyu ke nan a sashen sauti na wani ƙaramin gidan rediyo a Madawa. Aikina saita makirfo, daidaita murya, da tace abin da aka naɗa kafin a watsa. Shef ɗinmu, wato shugaban sashen, Malam Abdu, shi ya koya mini cewa kafin a taɓa na'ura, a fara sauraron ɗakin da take ciki. Wata Talata bayan girbi ya kira ni, ya ce tsohon malaminsa yana cikin damuwa, shi kuma aiki ya riƙe shi, sai in je a madadinsa.

Mushe Isufu tsohon daraktan lakwal ne, wato shugaban makarantar boko, kuma Mushe laƙabi ne na Faransanci da ake kiran malaman boko da shi. Ya koyar a Tama da Bangi da ƙauyukan Keita, kuma duk inda aka kai shi yana tafe da rakoda. Ya naɗi waƙoƙin mata a bakin turmi, da kiɗan gayya, da tsofaffi suna ba da tarihin garuruwansu. Da ya aje aiki, ya ɗauki niyyar rubuta kalmomin kowane kaset da sunan mai muryar, don duk duniya ba wanda ya san mutanen nan sai shi. Ɗansa Hamidu, da ke aiki a Yamai, ya gina masa sabon ɗaki don haka: bangon siminti mai santsi, daɓen karo, wato tayil, a ƙasa, manyan tagogin gilashi, da lasifikoki biyu masu kai mini ƙugu. Tun ranar da tsohon ya koma ciki, kalmomin suka cakuɗe masa. Mutanen gida suka ce kunne ne ya tafi, shi ma ya yarda. Wata uku littafinsa yana rufe.

Bayan mun gaisa, ya dube ni da tausayi.

"Ɗiyata, kada ki wahal da kanki. Tsuhwa ce. Kunnen ga ya gama aikinai."

Na roƙi a sa kaset ɗaya. Ni da kunnena na ƙuruciya, ko kalma uku ban kama ba. A nan na yi tafin. Daga nan na ɗauko tsohuwar rakodarsa, na ce mu koma zauren ƙasa na gidan, mai azara da tabarma a shimfiɗe. Muryar ta fito siririya amma a wanke. Kafin baiti na biyu ya ƙare, tsohon ya faɗi sunan matar da na ƙauyensu. Na ce masa, "Baba, kunnenka ƙalau yake. Ɗakin ne ke magana tare da kaset."

Ga yadda abin yake. Sauti idan ya sami bango mai tauri da santsi ba ya mutuwa, dawowa yake yi ya hau kan kalmar da ke biye. Maganinsa a ba shi abu mai laushi ya kwanta a kai. Ni da Rabi, ɗiyarsa, wadda ungozoma ce, muka janye lasifikokin daga kusurwa, muka jera su da kujerarsa kamar duwatsun murhu uku. Na zauna a kujerar, Rabi tana jan madubi a jikin bango, duk inda na hango lasifika a ciki muka sa alama da alli, don nan ne sauti ke fara dukan bango. A wuraren muka rataya barguna, muka rufe su da tabarmin kaba biyu-biyu, da ɗan rata tsakaninsu da bango. Darduma ta rufe karo, labule mai kauri ya rufe gilashi, littattafansa muka jera a bayan kujera.

Muna cikin aiki Hamidu ya kira, wani ya aika masa hoto. Ya ce shi da ya fitar da mahaifinsa daga ɗakin ƙasa, yanzu an mayar masa da gini rumfar kasuwa. Na ce ya ba ni zuwa la'asar, in ba a ga bambanci ba da hannuna zan sauke tabarmin. Na san abin da na ji a zaure.

Na sake yin tafi. Ya mutu nan take, sai dai wani siririn amo ya rage a iska, kamar kukan sauro na ƙarfe. Na bi shi da kunne har gaban wata almuwar, wato kabad mai gilashi, inda Hajiya Mariyama, matar Mushe, ta yi jeren kwanukanta tun na aure. Duk lokacin da ganga ta buga a kaset, su ma sai su amsa. Ban yi tunani ba na ce a fitar da almuwar waje.

Rabi ta taɓa hannuna ta ce a hankali, ai na sani, jeren mace ba ya fita ɗaki a idon jama'a sai aure ya mutu ko mai shi ta rasu. Na sani kuwa, a cikin haka na tashi, amma a wannan lokacin ƙarfe kawai nake gani. Mushe Isufu ya ce in haka ne, a bar shi da kurumtarsa. Hajiya, wadda ke bakin ƙofa tun ɗazu, ta gyara lulluɓi.

"Tun ina amarya mutumen ga bai taɓa hidda mini ko cokali ba. Yau ke, ɗiyar rediyo, kin zo ki sake ni?"

Rabi ta fashe da dariya. Na durƙusa na ba ta haƙuri, sannan na roƙi izini in buɗe almuwar. Na sa an kunna kiɗan, ina ɗora yatsa a kan kwanukan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda na taɓa sai ya yi shiru. Na tambaye ta ko akwai tsohon zane a gidan. Ita da kanta ta yayyaga shi, ta hana kowa taɓa mata kaya, ta sa ƙyalle a ƙarƙashin kowane kwano da cikin kowane murfi, tana faɗa mana wanda ya ba ta kowanne. Daga waje ba abin da ya canza.

Kafin kiran la'asar muka mayar da kaset na farko. Mushe Isufu ya ɗan karkata kai, leɓɓansa suna bin waƙar. Can ya miƙa hannu ba tare da ya dubi kowa ba, Rabi ta sa masa littafin da biro. Aka kira Hamidu ya saurara ta waya. Da ya gama saurare, sai ya tambaya ko za a iya samun tabarmi masu launi.

Abin da na ɗauko daga Buza shi ne, ɗakin gida ba sutudiyo ba ne. Kowane abu a cikinsa yana da mai shi, kuma gwanin sauti shi ne wanda zai sa ƙarfe ya yi shiru ba tare da ya ɗaga shi daga inda aka ajiye shi ba.

Sai bayan shekara uku, da na koma gaisuwar rasuwarsa, Hajiya ta gaya mini abin da ko ƴaƴansa ba su sani ba. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi, bayan sanƙarau. Mai kunne ɗaya ba ya iya raba murya da amsa-kuwwarta kamar mu. Littattafai huɗu ya bari cike da sunaye, dukansu da kunnen dama ya rubuta su.