Harshen da Ba a Gaisuwa da Shi

Faransanci a Yamai na koye shi, a bakin ma'aikatan gidan waya. Larabci a Jidda, lokacin da muke binne wayoyi a ƙarƙashin titi. Zabarmanci kuwa a kasuwa na tsince shi. Dukansu da kunne na koye su. In yi kuskure a kwashe da dariya, wani ya gyara mini, a miƙo shayi.

Na iso Greensboro ta Amurka gemuna ya soma fari, na sami aiki a wani kamfanin rumbunan kaya da ke bayan titin Wendover. Ni ke kula da na'urorin da ke haɗa kwamfutocin rumbunan. Nakan shiga kowace ɗaya in buga mata umarni da hannu, kamar likita yana zagayen gadaje. Albashin ba wani abin kirki ba ne, inshorar lafiya ce ta riƙe ni. Ciwon suga ya taɓa idanun matata Hajiya, kuma da katin wurin aikina likitan ido yake karɓarta.

Wata rana manajanmu ya tara mu ya ce zamanin bugun hannu ya wuce. Wanda bai iya rubuta shirin da zai yi aikin da kansa ba, ya soma neman wani wuri. Ya ce a koyi Perl, shi ne harshen kwamfuta da masu irin aikinmu ke yayi a lokacin.

Bayan sallar Juma'a na kai kukana wurin abokina, wani mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi.

"Haba Alhaji, kai da ka iya bakin Larabawa da na Faransawa, ɗan ordinateur, kwamfuta fa, shi ne zai kayar da kai?"

"Malam, wannan harshen ba a gaisuwa da shi. Inji kaɗai ke jin sa, shi kuma bai san dattijo ba."

"To ka auri 'yar garinsu mana, ai haka ake kama yare da wuri."

"Je ka gaya wa Hajiya da bakinka."

Na yi dariya. Na sayi littafi mai kauri, ina karantawa a bas, ina gwadawa a teburin cin abinci a gidanmu na haya a unguwar Glenwood. Babu wanda zan saurara in kwaikwaya. Hajiya ba ta ganin rubutun allon, sai ta zauna gefe tana jin ƙarar maɓallai. In na tsaya ta ce, "Ya amsa?" In ce bai amsa ba. Haka muka ci sanyin shekarar.

Daga baya ya amsa. Shirin da na rubuta yana shiga na'urorin da kansa, ya gyara na gyarawa, ya gama kafin shayina ya huce. Manaja ya dafa kafaɗata a gaban kowa.

Da tattalin arziki ya karye aka fara rage ma'aikata, sai manaja ya kira ni ofis. Ya ce shirina ya yi kyau ƙwarai, har ba a buƙatar mutum a wurin. Wani ɗan kwangila a wani gari zai sake rubuta shi da wani harshen mai suna Python, wai ya fi sauƙin karantawa, ya riƙa lura daga can. Katin asibiti zai daina aiki ƙarshen wata.

A lokacin an yi wa idon Hajiya na dama aiki, na hagu yana jiran layi sai wata mai zuwa. Na je asibitin na roƙa a matso da ranar, da Turancin da na fi iyawa. Matar da ke kanta ta duba kwamfuta, ta ce babu gurbi.

Da na koma gida na gaya wa Hajiya komai. Ta rufe idon dama da tafin hannunta, ta juya wajen taga, ta daɗe a haka. Sannan ta sauke hannun.

"Ka buga musu waya ka soke, Alhaji," ta ce. "Na daman ya ishe ni ganin tukunya."